Ranar da Na Yi wa Surukina Bismilla a Mararraba

Akwai rana ɗaya cikin shekarun aikina da ta ƙi fita raina, ko da yake na so ta fita: ranar gwajin direbobi a filin kasuwar Wurno. Wasunku da muke aiki tare yanzu kun sha tambayata abin da ya sa tsofaffin direbobi ke kirana Malam Bismilla, ni kuwa na sha kauce wa tambayar. Tunda na kusa ajiye aiki, kuma na ji ana ba da labarin a tasha da ƙari iri-iri, har wani ya ce wai mota ta ƙone, gara ku ji shi daga bakina. Abin da na tabbatar zan faɗa. Wanda ban tabbatar ba, zan ce ban tabbatar ba.

Abin ya faru ne a ƙarshe-ƙarshen zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin a sami mulkin kai. Na gama midil, na wuce kwaleji, da na fito aka ɗauke ni ƙaramin malami a ofishin da ke kula da hanyoyi da motoci. Sama da ni akwai babban akawu, sama da shi kuma akwai Baturen gwaji, wanda shi kaɗai ke da ikon ba direba lasin ko ya hana shi. Aikina shi ne in riga Baturen zuwa gari in koya wa direbobi dokokin hanya, in ya iso kuma in zama tafintansa. An koya mini tuƙi a ofis, ina da lasin, amma ba zan ce ni gwani ba ne.

A shekarar da nake magana, umarni ya zo cewa duk mai jan mota da takardar soja, ko wanda ba shi da takarda sam, sai an sake gwada shi. Aka ba ni Wurno da Rabah da Goronyo. Motocin yankin ba su da yawa. Galibinsu manyan motocin attajirai ne masu kwasar albasa da shinkafa zuwa Sakkwato, wasu har Gusau, inda ake loda wa jirgin ƙasa. Baturen kan zagayo ne da bazara, kafin ruwa ya ɓata hanya. Wanda ya faɗi gwaji sai ya jira har bayan damina, kuma babu attajirin da zai ajiye motarsa ta jira direba alhali albasa tana jibge a bakin fadama.

Ga waɗanda ba su riski lokacin ba, hannun hagu ake bi, sitiyari kuma yana dama. Dokokin da aka ba ni in koyar ba su da wuyar ganewa. In ka zo inda mota ke ƙetare layin dogo, ka rage gudu, ka duba, ka saurara, kada kuma ka canja giya a bisa ƙarfen, don kada mota ta mutu maka a can. In ka zo shataletale, ka bi ta hagu ka zagaya, kada ka yanke don ka ga babu kowa. Mu a ƙasarmu babu shataletale ko ɗaya a lokacin, sai na riƙa jera gangunan mai a fili ina nuna musu. Amma babbar dokar, wadda Baturen ya fi tsanantawa a kanta, ita ce ta mararraba. Wanda ke kan babbar hanya shi ke da wucewa. Wanda ya fito daga ƙaramar hanya sai ya tsaya cik, ya duba dama, ya duba hagu, ya sake duba dama, kada ya shiga sai hanya ta zama fayau.

Wahalar ita ce direbobinmu suna da tasu dokar, kuma ta girmi tawa. Kowane direba karen mota ne na wani kafin ya kama sitiyari, saboda haka kowa ya san ubangidansa, ya san ubangidan ubangidansa. In motoci biyu suka haɗu a mararraba, ba a duba wace hanya ce babba. Ana duba wane direba ne babba. Ƙaramin zai taka birki ko da shi ke kan babbar hanya, ya dunƙule hannu ya yi jinjina, ya shimfiɗa tafinsa ya ce bismilla, babban ya wuce yana amsawa da oda. Abin yana da kyan gani, ba zan ɓoye ba. Sai dai baƙon direba da ya fito daga Gusau ko Zariya bai san wane ne ubangidan wane ba, kuma motar da ke bayanka ba ta san za ka tsaya gaisuwa ba.

Babban dukansu a yankin shi ne Saje Mamman, mutumin Rara. Ya ja motar soja a yaƙin da aka yi a ƙetare, ya dawo da lambar saje da murya mai cika kasuwa. Ba mutum ne mai ƙanƙan da kai ba. Yakan ce da bakinsa babu direba a gabashin Sakkwato da bai taɓa wanke masa mota ba, kuma ina jin da gaskiyarsa. Wannan mutum shi ne mahaifin maiɗakina. Aurenmu bai shekara ba a lokacin.

Ku da kuka tashi a birni wataƙila ba za ku gane nauyin wannan ba. A yadda aka tarbiyyantar da ni, suruki ba a kallon idonsa, ba a faɗin sunansa, ba a ci abinci inda yake. In na hango shi a hanya sai in sake lungu. In babu lungu, in tuɓe takalma in durƙusa har ya wuce. Tun da aka ɗaura aure ban taɓa yi masa magana kai tsaye ba in ban da gaisuwa, shi ma bai taɓa yi mini ba. In da saƙo, Ladan ke kaiwa. Ladan taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina daga Lahodu, kuma tsohon karen motar Saje ne da ya zama direba. Tsakanina da shi babu kunya ko kaɗan, kuma bai taɓa barin wata dama ta tsokanata ta wuce ba.

Da na fara koyarwa a Wurno, Saje ya sauƙaƙa mini. Bai zauna cikin direbobi ba. Ya ajiye motarsa kusa da inuwar da muke, ya shige ƙarƙashinta da sifana kamar mai gyara, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Hakan ya ba ni ƙarfin hali, har na ɗaga murya fiye da yadda na saba. Na ce musu hanya ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Na ce wanda ya tsaya a babbar hanya don ladabi ya karya doka daidai da wanda ya kutsa daga ƙarama.

Ladan ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Ya ce, "Akawu, ina da tambaya. In kai da Baba Saje kunka haɗu ga mararraba, kai kana bisa babba, wa za shi wuce?"

Wuri ya ɗauki dariya. Na ji sifana ta daina ƙara a ƙarƙashin motar.

Na ce, "Wanda doka ta ba."

"Wa ta ba? Hwaɗi sunanai mu ji."

Na ce mu koma maganar layin dogo. Aka sake kwashewa da dariya, ni ma na yi murmushin dole, don a zatona abin ba zai taɓa faruwa ba.

Ranar gwaji aka share filin kasuwa, aka zana mararraba da farar ƙasa, aka kafa gangunan mai a kusurwoyi. 'Yan doka suka tare mutane a gefe, don gari duka ya fito kallo. Tsarin Baturen shi ne direban da ake gwadawa ya fito ta ƙaramar hanya da motarsa, a-kori-kurar ofis kuma ta taho ta babbar hanya a daidai lokacin, a ga ko zai tsaya ya ba ta hanya. Direban ofis ke jan a-kori-kurar kullum, amma ran nan ya tashi da zazzaɓi. Baturen ya dube ni ya ce in hau. Shi kuma ya hau bayan wata mota da ke ajiye daga nesa don ya ga ƙafafun motoci da layin farar ƙasa sosai.

Na yi da waɗanda suka fara lafiya lau. Ladan ma ya ci, ya wuce yana yi mini gwalo. Sai na juyo don zagaye na gaba, na hango koriyar motar da Saje ke ja wa wani Alhaji attajiri tana gangarowa ta ƙaramar hanya.

Ya zo layi ya tsaya cik, kamar an dasa shi. Babu abin da ya rage sai in wuce ta gabansa. Ban san lokacin da ƙafata ta bar totur ba. Abin da na sani, a-kori-kura ta rage gudu har ta kusa tsayawa, kaina ya sunkuya, hannuna na dama ya shimfiɗu ta taga, bakina ya ce, "Bismilla, Baba."

Ta gefen ido na ga ya girgiza kai. Ya yi mini alama da haɓa in wuce. Maimakon in wuce sai na sake shimfiɗa hannu. Mutanen da ke wannan ɓangaren sun gani, har wasu suka fara dariya. Ina jin dariyar ce ta sa shi yanke shawara, Allah ne masani. Ya ga mijin 'yarsa tsaye tsakiyar fili ana yi masa dariya, kuma ya ga ba zan motsa ba muddin yana nan. Sai ya sa giya ya taho.

A daidai lokacin na tuna da Baturen, na tuna wannan gwaji ne, na tuna abin da zai rubuta in Saje ya shiga gabana. Sai na ce bari in yi maza in wuce kafin ya taso. Na taka totur.

Muka taho tare. Da wani direba ne ba shi ba, ina jin da ba ni ke ba ku labarin nan ba. Ya murɗe sitiyari ya taka birki lokaci guda, babbar motar ta kauce ta kwashi gangunan mai, suka gangara cikin mutane ana ta gudu ana salati. A-kori-kura ta mutu a hannuna, hancinta kusa da tayarsa ta gaba har ba za ka iya zura hannu tsakani ba. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji rauni.

Baturen ya sauko fuskarsa ja wur. Daga inda yake, taga ta dama tana ɓoye gare shi, bai ga hannuna ba. Abin da ya gani shi ne babbar mota ta tsaya, sannan ta kutsa gaban motar da ke tahowa. Ya tambaye ni da Turanci me ya sa na rage gudu.

Nan ne wurin da ya fi yi mini nauyi a labarin nan. Amsar gajeruwa ce, kuma na san ta. Amma na dubi Baturen, na tuna aikina, na tuna ni ne malamin da aka aiko ya hana wannan ɗabi'a. Sai na ce masa mai yiwuwa ne na ɗan rage, ban tabbata ba, wataƙila yashi ne ya riƙe motar. Ban yi ƙarya sarai ba, na gaya wa kaina, tunda akwai yashi a filin. Saje yana tsaye kusa, kuma yana jin Turancin bariki fiye da yadda mutane ke zato.

Baturen ya ce, "Gaya masa ya faɗi. Ya dawo bayan damina."

Tafinta dole ya faɗi abin da aka ce, ga wanda aka ce a faɗa wa. Ga ni ga surukina, ga gari duka yana saurare, kuma maganar farko da zan taɓa yi masa a duniya ita ce wannan. Na kasa. Na juya wajen Ladan na ce, "Ladan, ka shaida wa Baba, Bature ya ce wai... a ɗan dakata tukuna, zuwa bayan damina."

Ladan bai yi dariya ba, kuma ban taɓa ganin ya bar irin wannan ta wuce ba. Ya ce, "Shina jin ka, Akawu. Ba kurma ba na."

Saje ya ƙame ya sara wa Baturen irin ta soja. Da ya buɗe baki ya ce yaron nan ne ya ba ni hannu, akwai shaidu fiye da a ƙirga. Bai ce ba. Ya zare handul ɗin tayar da mota ya miƙa wa Ladan, ya ce, "Kai wa Alhaji motatai. Ka ce mai in yana son direba, ga ka." Ya saɓa rigarsa ya bi ta cikin mutane a ƙasa, suna buɗa masa hanya.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Maiɗakina ta ajiye mini abinci da ruwa, ta koma bakin ƙofa ta zauna, ba ta dube ni ba. Na fara yi mata bayani cewa al'amarin yana da fuska biyu, kuma a bisa doka ko an ba mutum hannu bai kamata ya shiga ba.

Ta ce, "Malam, ka ba shi hannu ko ba ka ba shi ba?"

Na ce na ba shi.

"Ka hwaɗa ma Bature?"

Na ce ban faɗa ba.

Ta ce, "Baba bai iya noma ba, bai iya ciniki ba. Tun ina goye motar nan ita ta abincinmu. Kunyarshi kaj ji har ta kai shi ga wanga hali. To ita kunyar ba ta kai ka wurin Bature?"

Ban ci abincin ba. Na yi sallar la'asar na nufi barikin da Baturen ya sauka. Na kai bakin ƙofa na juya, na sake dawowa, har kukunsa ya tambaye ni ko wani abu na yar. Na same shi a baranda ya tuɓe takalma. Na ce ina da gyara a maganar da na yi ɗazu. Na gaya masa ba yashi ba ne, ni na tsaya, na ba direban hannu har sau biyu, shi kuwa ya ƙi da farko.

Ya ce don me zan yi haka?

Na ce mahaifin matata ne.

Ya ce, to, sai me?

Na yi ta ƙoƙarin fassara masa abin da ba shi da suna a Turancin da aka koya mini. Na ce a wurinmu mutum ba ya gitta wa surukinsa. Ya tambaya ko tsoronsa nake ji, na ce ba tsoro ba ne. Ya tambaya ko mun yi faɗa ne, na ce ko magana ba mu taɓa yi ba. Ya yi dariya har ya share ido, sannan dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Wato mutumin da na aika ya koya musu kada su yi abu, shi ya yi shi a gabansu. Ka kuma bar ni na kayar da direban da ya ceci ranka."

Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Ya ce a bisa doka Saje ma ya yi kuskure da ya shiga, ko wa ya ba shi hannu. Amma gwajin ya lalace tun daga wajena, don haka zai sake shi a Goronyo ranar kasuwa. Ya kafa sharaɗi. Ni zan sake jan a-kori-kura, ko direban ofis ya warke, kuma kafin a fara sai na tsaya gaban direbobi na faɗi abin da na yi da Hausa. Maganar aikina kuwa, ya ce zai ga yadda na yi tukuna.

Na nemi Ladan na roƙe shi ya je Rara. Ya ce, "Da wane baki? Naka ko nawa?" Amma ya tafi. Washegari ya dawo ya same ni ina zana farar ƙasa a Rabah. Ya tsaya ya gyara murya yana kwaikwayon Saje.

"Ya ce in hwaɗa ma mijin ɗiyatai: in za shi wuce, in taho. In kuwa za shi sake yi min bismilla gaban Goronyawa, in zamna gida da sauran mutuncina. Ya ce kuma in tambaye ka, jirgin Gusau ya taɓa tsayawa don ya ga hurhura?"

Na ce ya gaya masa in Allah ya yarda zan yi ƙoƙari.

Ladan ya ce, "Ba ni kai mai ƙoƙari. Za ka wuce ko ba ka wucewa?"

Na ce zan wuce.

Taron Goronyo ya fi na Wurno, don labari ya bi motocin albasa ya riga mu. Har masunta sun baro bakin gulbi sun zo. Na hau kan gangar mai na faɗi abin da ya faru. Na ce laifin nawa ne, ba na Baba ba. Na ji kaina ina saka wataƙila a inda babu wataƙila, sai na koma na cire ta. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Bismilla, Malam, ci gaba!" Daga ranar sunan ya bi ni.

Attajirin ya ba da aron koriyar motar don gwajin. Na hau a-kori-kura. Na taho. Ga Saje can ya iso layi ya tsaya cik. Duk abin da aka zuba mini tun ina yaro ya taso ya taru a ƙafata ta dama, yana jan ta baya. A gefen hanya akwai dattawa zaune bisa tabarmi, na san kuma abin da za su gani: yaro zaune, da hula da takalma, ya gitta ta gaban uban matarsa ko sunkuyawa bai yi ba. Na kafa ido a kan wata bishiyar gawo da ke ƙarshen filin, na danne totur da ƙarfin da ya fi wanda ake bukata. Na wuce.

Na ji wani tsoho ya ce, "Subhanallahi, 'yan boko!" Kunyar da na ji a wannan wucewar ba ta gaza ta Wurno ba. Bambancinsu ɗaya, wannan ni kaɗai ta taɓa.

A madubi na ga Saje ya duba dama, ya duba hagu, ya sake duba dama, a hankali yadda kowa zai gani, sannan ya shiga. Ya zagaya gangunan shataletale ta hagu, ya zo layukan da muka zana a madadin dogo ya rage gudu, ya leƙo da kai yana saurare kamar da gaske jirgi na tafe a Goronyo, mutane suna ta shewa. Baturen ya ce in gaya masa ya ci. Na juya wajen Ladan. Baturen ya ɗaga hannu ya ce in bari, shi zai faɗa da kansa, ya je ya yi da guntuwar Hausarsa.

Ni kuwa na ajiye a-kori-kura can gefe, nesa da farar ƙasa, na sauko na tuɓe takalma na durƙusa. Saje ya biyo ta wurin da direbobi a bayansa. Bai dube ni ba. Ya tsaya ya yi magana da Ladan, da muryar nan tasa da ake ji har rumfar mahauta.

"Ladan, kun ga inda yad durƙusa? Nan a wurin gaisuwa, ba tsakar hanya ba. Daga yau yaron da yat tsaya min bisa babbar hanya, ba ladabi yay yi min ba, lahira yaka kira na. Ku hwaɗa ma na Rabah."

Ladan ya ce, "Baba, a hwaɗa ma Akawu shi tashi?"

"Shi ɗan ƙara kaɗan. Ya sa ni tahiya Rara a ƙasa."

Ba a kore ni ba. An ja mini kunne a ofis, aka kuma jinkirta mini ƙarin girma, kuma ban ga an zalunce ni ba. Ba zan ce al'adar ta mutu daga ranar ba, don har yanzu ina ganin ta. Sai dai a yankin nan, a iya sanina, ta ragu, kuma maganar Saje ce ta rage ta fiye da duk abin da na koyar a inuwar kasuwa.

Abin da na ɗauka daga wannan, wanda nake so ku ma ku ɗauka, shi ne dokar mararraba ba don a raina kowa aka yi ta ba. An yi ta ne don mutum biyu da ba za su iya magana da juna ba kowanne ya san abin da ɗayan zai yi. Ranar da ka bar hakkinka na wucewa don kirki, ka jefa ɗan'uwanka cikin shakka, ka kuma tura shi ya karya doka don ya rufa maka asiri. Na kuma gane mutanen sana'ar nan suna iya haɗiye asararsu don kada su tona wani, saboda haka in za ku yanke wa direba hukunci kuma kuka ga ya yi shiru, ku ƙara tambaya. In kuma ku aka tambaya, kada ku ce yashi ne.

Saje ya ci gaba da jan mota har idonsa ya raunana. Mun sha haɗuwa a mararrabar da ke fita Wurno. In ni ke kan babbar hanya, sai in wuce, in sami gefe in tsaya, in sauko in tuɓe takalma. Shi kuma ya duba dama, ya duba hagu, ya shigo, ya wuce ni a durƙushe ya danna oda sau ɗaya. Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, iyakar hirarmu ke nan.